Zobe da Miƙaƙƙen Layi a Bayan Bireka Ɗaya: Ina Ƙa'idar Wayarin Ta Tsaya?

Gida a Gombe ba a gama gina shi rana ɗaya. Mutum ya yi ɗaki uku da falo a Tumfure ko Kagarawal ya tare, bayan shekara biyu ya fitar da shago a ƙofar gida, sai ɗakin samari, sai kicin na waje, daga baya a kawo sola da inbata. Kowane ƙari da nasa mai wuta, kuma da wuya wanda ya yi wayarin na farko ya zama shi ne ya dawo. Wanda aka kira zai kwance soket ɗin da ya fi kusa, ya ɗebi wuta daga bayansa, ya ja waya zuwa sabon wuri. Ta haka layin da aka fara shi zobe yake wayar gari rabinsa zobe, rabinsa miƙaƙƙe, duk a bayan bireka ɗaya. Shin wannan gauraye ya saɓa wa ƙa'ida?

Ƙa'ida ba ta hana gaurayen saboda siffarsa ba. Abu ɗaya take bibiya: kowane taƙi na waya da ke cikin layin, shin akwai abin da zai hana wayar ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta, ko birekar da ke bayanta, ko fis, ko ƙarancin abin da za a iya soka mata? In amsar e ce a ko'ina, gaurayen ya halatta. In akwai ko da mita biyu da amsar ta zama a'a, layin bai cika ƙa'ida ba, ko da ya shekara goma yana ba da wuta lafiya.

Miƙaƙƙen layi, wato radiyal, waya ce da ta fito daga akwatin rarraba wuta ta bi soket bayan soket ta tsaya a na ƙarshe. Duk wutar da ake ja a waya ɗaya take bi, saboda haka lissafinsa a fili yake: waya mai kaurin 2.5 tana tafiya da bireka mai amp 20, bireka mai amp 32 kuma sai waya 4 ko wadda ta fi ta. Zobe, wanda masu aiki ke kira rin, waya ce 2.5 da ta fita daga bireka ta zaga duk soket ɗin, sannan ta dawo ta shiga bakin birekar nan da ta fito. Kowane soket yana samun wuta ta hanya biyu, ƙafafun biyu suna raba kayan a tsakaninsu, shi ya sa aka yarda a ɗora waya 2.5 a kan amp 32, abin da ita kaɗai ba za ta iya ba.

Daga Ingila muka gaji wannan dabara. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu suna sake gina gidaje ga ƙarancin tagulla, sai suka fito da zobe tare da soket mai baki uku masu faɗi na amp 13, wanda aka tsara a 1947 da lambar BS 1363. Shi ne soket ɗin da ke bangon kusan kowane gida a Najeriya yau. Ƙasashe da yawa, har da Jamus da Faransa da Amurka, ba su ɗauki zobe ba, miƙaƙƙen layi suke yi.

A nan gida, hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin NESIS a 2015, kuma a shekarar ne doka ta kafa NEMSA, wadda aka ɗora wa duba wayarin da gwada shi da ba masu aikin wuta takardar shaidar ƙwarewa. Dokar Lantarki ta 2023 ta bar mata wannan aiki. Kamfanin JED da ke raba wuta a Gombe, Bauchi, Filato da Binuwai, iyakarsa mita. Daga can ciki nauyin mai gida ne da mai wutarsa. Shi kuwa bayanin zobe dalla-dalla yana cikin littafin ƙa'idar wayarin na Ingila, BS 7671, wanda tsofaffin ma'aikata suka sani da ƙa'idar IEE, bugu na 18 ya fito a 2018. Tunda soket ɗin nasu ne, zoben ma nasu ne, da shi za mu yi awo.

Sharuɗɗan zobe suna cikin sashe na 433.1.204. Bireka ko fis ya zama amp 30 ko 32. Wayar ta zama ta tagulla, kaurinta bai gaza 2.5 ba. Kayan da aka ɗaura, soket da sauransu, su zama na BS 1363. Wayar, a yadda aka shimfiɗa ta, ta iya ɗaukar aƙalla amp 20. Sannan a tsara layin yadda babu ɓangaren da zai daɗe yana ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsa. Akwai kuma rataye na 15 a ƙarshen littafin mai zanen zobe da radiyal irin na yau da kullum. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan zane a matsayin doka, su ce duk abin da babu shi a ciki haramun ne. Ba haka ba ne, rataye ne na shawara. Wanda ya bi shi ya huta da lissafi. Wanda ya kauce masa sai ya zauna ya yi lissafin da kansa, ya kuma iya kare shi a gaban mai duba aiki.

Zafin Gombe yana cin rabon waya

Wannan sharaɗi na amp 20 shi ya fi damuna, domin jadawalin littafin an gina shi ne a kan zafin digiri 30. Waya 2.5 mai rigar roba, a cikin fayif da aka binne a bango kamar yadda muke yi, tana ɗaukar amp 24 a wannan zafi. To a Maris da Afrilu Gombe takan kai digiri 40, kuma a wannan zafi jadawalin ya ce a ninka da 0.87. Abin da ya rage amp 21 ne ba kaɗan. Mun tsallake sharaɗin, amma da ƙyar. In wayar ta bi ta cikin silin, ƙarƙashin kwanon da rana ta gasa tun safe, a ce zafin wurin ya kai 45, sai a ninka da 0.79, a samu amp 19. Ta faɗi. Haka kuma in an cusa layi biyu a fayif ɗaya akwai wani ragin na 0.80, in uku ne 0.70. Layi biyu a fayif ɗaya a digiri 40 ya bar wa kowace waya ƙasa da amp 17.

Ma'ana, zoben da ke da sarari a Landan, a Bolari ko Jekadafari a bakin iyakarsa yake tun ba a ƙara masa komai ba. Duk maganar gauraye da za ta biyo baya, a karanta ta da wannan a rai.

Ire-iren gaurayen

Na farko shi ne reshe, kuma ƙa'ida ta san da shi. An yarda ka ɗebi waya 2.5 daga bayan wani soket na zobe ka kai wa soket ɗaya tak, mai karɓar filogi ɗaya ko mai karɓar biyu. Dalilin iyakar a bayyane yake: reshen waya ɗaya ce a bayan amp 32, abin da ke kare ta kawai shi ne ƙarancin abin da za a iya soka mata. Da ka ƙara soket na biyu daga bayan na farko, ka fita daga ƙa'ida. In kana son soket uku ko biyar a sabon ɗaki, sai ka fara sa akwatin fis mai amp 13 a inda reshen ya bar zobe, daga nan ka jera yadda kake so, domin duk abin da za su ja ba zai wuce ƙarfin fis ɗin ba. Amp 13 kusan wat 3,000 ne. Ya ishi ɗakin kwana mai talabijin da fanka da caji. Ba zai ishi shagon da ke da firiza biyu da hita ba.

Na biyu shi ne wanda aka fi gani: ka buɗe akwatin rarraba wuta ka tarar da waya uku a bakin bireka ɗaya mai amp 32, biyu na zobe, ta ukun ta nufi wani wuri. Wasu suna ganin tunda daga tushe aka ɗauko, ta zama layi mai zaman kanta. A'a, reshe ce, hukuncin reshe ne a kanta. In soket ɗaya take ci, babu laifi. In soket huɗu na shago take ci a kan waya 2.5, wannan shi ne haɗarin da ya fi kowane yawa a gidajenmu. Gyaransa kuma ba shi da tsada: a cire ta, a ba ta birekarta mai amp 20, ko 16 in ta bi ta silin.

Ka lura da abin da bireka ke yi, domin nan ne mai gida yakan ce, "Malam, ai da akwai matsala da ta faɗi." Bireka ba ta faɗuwa da zarar an kai lambar da ke jikinta. An ƙera ta yadda za ta jure ninki 1.13 na ƙarfinta har awa guda, kuma sai wajen ninki 1.45 ake da tabbacin za ta faɗi cikin awa. Mai amp 32 kenan za ta iya sakin amp 36 tana kallo. Zafin waya kuwa yana hawa ne da murabba'in wutar da ke binta, saboda haka amp 32 a wayar da ƙarfinta 21 ne ya ninka zafin fiye da sau biyu. Rigar robar ba rana ɗaya take ƙonewa ba. Tana bushewa a hankali, ta tsage, har ranar da za ta kama.

Na uku shi ne wanda ake yawan gardama a kansa. Akwatin rarraba wuta yana gaban gida, ɗakunan da ake son yi wa zobe suna can baya. Maimakon a ja ƙafa biyu na 2.5 duk tsawon nan, sai a ja waya ɗaya mai kauri daga bireka mai amp 32 zuwa wani akwatin haɗi, daga nan zoben 2.5 ya tashi ya zaga ya dawo cikin akwatin. Babu zanen wannan a rataye na 15, amma babu sashen da ya hana shi. Sharaɗinsa, wayar nan ɗaya ta iya ɗaukar amp 32 cif ita kaɗai. A Ingila sukan ce waya 4 ta isa, domin a fayif tana ɗaukar amp 32 daidai. A Gombe ninka 32 da 0.87, ka samu ƙasa da 28. Ba ta isa ba. Waya 6 ce ta dace, mai ɗaukar amp 41, wadda ko an rage mata zafi tana da sama da 35. Sannan akwatin haɗin ya kasance inda hannu zai kai, ba a shafe shi da siminti ko a rufe shi da tayil ba, bakunansa kuma su iya riƙe waya 6 da 2.5 biyu ba tare da ɗaya ta yi sako-sako ba. In an cika waɗannan, ni ban ga dalilin da mai duba aiki zai ƙi shi ba. Amma a sabon gini ba zan ba da shawararsa ba. Tunda an riga an ja waya 6 har can, ƙaramin akwatin rarrabawa mai bireka biyu ko uku na amp 20 ya fi sauƙin gwaji da gyara.

Akwai masu juya wannan dabara, su ɗebi waya 4 daga tsakiyar zobe su jera mata soket da yawa, su ce ai reshen yana da kauri. Reshen ya tsira, zoben ne ya shiga uku. Kayan da aka tara a wuri ɗaya ba sa rabuwa daidai tsakanin ƙafafu biyu. Ƙafar da ta fi gajarta ita ke ɗaukar mafi yawa. In wurin yana kashi ɗaya bisa goma na tsawon zoben daga bireka, gajeriyar ƙafa za ta ɗauki kashi tara. Amp 26 a wannan wuri ya ɗora mata sama da 23. Wannan ne ma ya sa ba a son kicin ya zauna a farkon zobe, kuma duk abin da ya kai wat 2,000 yana daɗewa a kunne, irin hitar wanka da rishon lantarki, gara a ba shi layinsa.

Sauran biyu ba sa buƙatar dogon bayani. Zoben da aka yi wa gada a tsakiya, ya zama zobe cikin zobe, yana ɓoye yankewa, gwaji ba ya ba da amsar da za a dogara da ita. A cire gadar. Zoben da ya yanke kuwa, ko wani ya yanke shi da gangan, ya zama miƙaƙƙun layi biyu na 2.5 a kan amp 32, kuma babu alamar da mai gida zai gani tunda kowane soket yana kawo wuta. A haɗe shi, ko a raba ƙafafun kowace da birekarta mai amp 20.

Wani abu da ake mantawa: zobe an gina shi ne a kan cewa kowane filogi yana da fis a cikinsa, mai amp 3 ko 13. Shi ne ke kare siririyar wayar fanka ko ta rediyo. Filogi mai ƙafa biyu da ake dannawa da ƙarfi, da soket mai karɓar kowane irin filogi, da tsirarar waya da ake tokarewa da tsinken ashana, duk ba su da wannan kariya, amp 32 ne kai tsaye a bayansu. Haka soket mai baki zagaye na amp 15 da ake sa wa na'urar sanyaya ɗaki: filoginsa ba shi da fis, ba ya cikin BS 1363, saboda haka ba shi da gurbi a zobe ko a reshensa. Ga kuma sitabilaiza: in wuta ta sauka zuwa bolt 160, sai ta ja amp 12.5 kafin ta ba da wat 2,000 da a bolt 230 bai kai amp 9 ba. Idan na haɗa waɗannan da zafin garinmu, ra'ayina shi ne sabon gida a Gombe a yi masa miƙaƙƙun layi masu amp 20, kowane ɗaki biyu da nasa, kicin da nasa.

Yadda za ka gane abin da ke cikin bango

Ido ba ya isa, sai mita mai auna ƙaramar turjiya, wadda za ta nuna ɗigo biyu bayan sifili. Kafin komai a kashe babbar makunna, a kashe janareta da inbata, a tabbatar da abin gwaji cewa babu wuta a layif da nutiral duka. Tasta mai ɗan haske ba hujja ba ce. Wannan aikin ƙwararre ne, yaron da ke koyo ya yi shi a gaban ogansa.

A cire ƙafafun zoben daga bireka da sandar nutiral da ta at, wato wayar ƙasa. A auna layif daga wannan baki zuwa wancan, haka nutiral, haka at. Waya 2.5 ta tagulla tana da om 0.74 a kowace mita 100, saboda haka zobe mai mita 60 zai nuna kusan 0.44 a layif, nutiral ma haka, bambancinsu kada ya wuce 0.05. In wayar at 1.5 ce, za ta nuna kusan 0.73. In mita ba ta nuna komai ba, zoben a yanke yake. In ɗaya ta fi ɗaya sosai, akwai haɗi mai sako-sako.

Sai a gicciye: layif na ƙafa ta farko a haɗa da nutiral na ta biyu, layif na ta biyu da nutiral na ta farko. A bi soket ɗaya bayan ɗaya ana auna tsakanin layif da nutiral. A lafiyayyen zobe kowane soket zai nuna kusan abu ɗaya, wato jimillar awon biyu raba huɗu, 0.22 a misalinmu. Soket ɗin da ya nuna sama da haka a kan reshe yake. Reshe mai mita 10 zai ƙara kusan 0.15. In ka ga soket uku a jere lambarsu tana hawa, ka kama miƙaƙƙen layin da aka maƙala wa zobe, sai ka nemi ko akwai fis a tushensa. A maimaita gicciyen tsakanin layif da at. Ga zoben da ke kan waya mai kauri, daga akwatin haɗi ake wannan gwaji, ita wayar mai kauri a auna ta daban. A ƙarshe a gwada rigar waya da bolt 500, bayan an cire duk kayan da ke soke. Kada awon ya gaza megom 1.

Wannan lamba ta 0.74 tana da wani amfanin tun a kasuwa. Naɗin mita 100 na 2.5 da ya nuna om 1 ko fiye, ko dai kaurinsa bai cika ba, ko alminiyom ne aka shafa wa tagulla. Kankare bakin wayar da wuƙa, in cikinta fari ne ka ajiye ta. Nemi mai tambarin NIS na hukumar SON. Duk lissafin da muka yi a sama na tagulla ne mai cikakken kauri.

Kowane irin layi ka zaɓa, soket yana buƙatar na'urar gano yoyon wuta, RCD mai miliamp 30. Gidajenmu da yawa da sandar at da aka kafa a ƙasa suka dogara, kuma da rani ƙasa takan bushe turjiyarta ta hau. Ko da om 20 ce, wutar da za ta bi ta in layif ya taɓa jikin firji amp 11.5 ce kawai, alhali bireka mai amp 32 nau'in B sai ta ga amp 160 take faɗuwa nan take. Jikin firjin zai zauna da wuta har wani ya taɓa.

Inbata ce ta fi yanka zobe a 'yan shekarun nan. Mai gida yana son soket na falo da na ɗakinsa su koma kan sola, na firiza da guga su tsaya a wutar gari. Mai haɗawa sai ya zare ƙafa ɗaya daga bireka ya kai ta inbata, ya yanke zoben a inda yake zaton tsakiya ne. In zatonsa bai yi daidai ba, ko akwai gadar da bai sani ba, ya haɗa fitar inbata da layin gari kai tsaye: inbatar za ta iya ƙonewa ranar da aka kawo wuta, kuma in an ɗauke za ta iya tura wuta baya zuwa ga wanda ke aiki a kan fal. In ma ya yanke daidai, ƙafar da ta rage tana nan a kan amp 32. Hanyar da ta dace, soket ɗin sola a ja musu sabon miƙaƙƙen layi daga ƙaramin akwati nasu, da nutiral nasu, da canjoba mai yanke layif da nutiral tare. Zoben da aka cire wa soket a sake haɗe shi a gwada, ko a sauke birekarsa zuwa amp 20. Sannan a rubuta a murfin akwatin wace bireka ce zobe, wace ce miƙaƙƙiya, kaurin wayar kowace, da inda akwatin haɗi yake, a ajiye takardar awon tare da takardun gida domin mai wutar da za a kira ranar da aka tashi ƙara wani ɗakin.